Tambaya da Amsa: Kotu Tana Kira, Maigida Yana Barazanar Kora

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, biyu daga ma'aikata, ɗaya daga mai ɗaukar ma'aikata, kuma duka a kan abu guda suke magana, wato makomar aikin mutumin da aka yi wa laifi idan zaman kotu ya riƙa raba shi da wurin neman abincinsa. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya ta farko, daga Sabuwar Unguwa, Katsina

Assalamu alaikum Barista. Ni ma'aikaci ne a wani gidan mai a cikin garin Katsina, kuma na shekara uku ina sayar da mai a wurin. Da babbar sallar bara na je gida Daura, inda wasu matasa biyu suka tare ni da dare, suka sare ni da adda a hannu, suka ƙwace mini babur da waya. Allah ya sa an kama ɗaya daga cikinsu, yanzu haka shari'a tana gaban Babbar Kotu a Daura. Na je zama sau shida amma har yau ba a saurari shaidata ba, kullum sai a ɗage. Duk ranar da na je, manajanmu yana cire mini kuɗin kwana biyu daga albashi, kuma makon jiya ya ce idan na sake fashi in nemi wani aikin. 'Yan'uwana suna ce mini in bar wa Allah in janye ƙarar. Shin akwai dokar da ta hana shi korata? Kuma idan na daina zuwa kotun, me zai biyo baya?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya mayar maka da mafi alherin abin da ka rasa. Ba zan yi maka rufa-rufa ba: Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ta tsara hulɗar ma'aikaci irinka da maigidansa, ba ta da sashe ko ɗaya da ya ce a ba wanda aka yi wa laifi hutu domin halartar shari'a, kuma babu inda ta fito ƙarara ta hana a sallame shi saboda wannan dalili. Ta yi maganar hutun shekara, ta yi maganar hutun rashin lafiya da na haihuwa, amma da ta zo kan wanda kotu ta kira, sai ta yi shiru.

Dokar shari'ar laifuka kuwa ba ta yi shiru ba. A ƙarƙashin Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Jihar Katsina ta yi tata a kan tsarinta, mai shaidar da aka miƙa wa sammaci ya ƙi zuwa ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, alƙali yana iya ba da umarnin a kamo shi, kuma sashe na 246 na dokar tarayyar ya tanadi tara har ta naira 10,000 ko ɗauri har na wata biyu. Ka ga ke nan hukuma ta wajabta maka zuwa, amma ba ta tsare maka aikin da za ka bari ka je ba. Gaba kura, baya sayaki. A ganina wannan giɓi ne da bai kamata 'yan majalisarmu su bar shi haka ba, domin mutumin da aka yi wa fashi da makami bai cancanci a sake hukunta shi a kan fashin aiki ba.

Wasu ƙasashe sun riga sun toshe wannan kafa. A jihar Niyu Yok ta Amurka, laifi ne maigida ya kori ko ya hukunta ma'aikacin da aka yi wa laifi ko aka kira shaida, muddin ma'aikacin ya sanar da shi kafin ranar zaman, sai dai dokar ta yarda maigidan ya ƙi biyan kuɗin wannan rana. A jihar Arizona, duk mai ma'aikata hamsin ko fiye dole ne ya bar wanda aka yi wa laifi ya halarci zaman shari'arsa. Na kawo waɗannan ne don ka san cewa abin da kake nema ba baƙon abu ba ne a duniya, ba don za ka iya kafa hujja da su a Daura ba.

To, rashin sashe na musamman ba ya nufin ba ka da madafa. Mu fara da kuɗin da ake yanke maka, domin nan ne manajanku ya fi taka doka a fili. Maigida yana iya cewa ba zai biya ranar da ba a yi masa aiki ba, amma cire kuɗin kwana biyu a kan kwana ɗaya tara ce, kuma sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana maigida cin ma'aikaci tara daga albashinsa. Abin da sashen ya yarda da shi kawai shi ne a cire wani abu daidai gwargwado idan ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko da sakaci, shi ma sai da rubutacciyar amincewar jami'in ƙwadago tun kafin a cire. Saboda haka rabin abin da aka yanke maka a waɗannan zama shida bashi ne da kake bin gidan man, kuma kana da damar neman a mayar maka da shi.

Sai batun kora. Tun da ka haura shekara biyu amma ba ka kai biyar ba, sashe na 11 ya ce kafin a raba ka da aikin sai an ba ka sanarwar mako biyu a rubuce, ko kuma a biya ka kuɗin wannan lokaci. Amma sashen ya bar wa maigida damar sallamar ma'aikaci nan take idan ya aikata babban laifin aiki, kuma ƙin zuwa aiki ba da izini ba yana cikin irin laifin da masu gida suka fi fakewa da shi. Nan ne gizo yake saƙar. Idan duk tafiye-tafiyenka shida da baki ka nemi izini, ranar da abu ya ɓaci manaja zai ce bai san da maganar ba, kai kuma ba ka da abin nunawa.

A da, tsarin da kotunanmu suka gada daga Ingila shi ne maigida mai zaman kansa yana iya sallamar ma'aikaci da dalili ko ba dalili, in dai ya ba da sanarwa. Wannan ya fara sauyawa tun bayan gyara na uku da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2010, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, a sashe na 254C, ikon sauraron duk wata rigimar aiki, har da ta rashin adalci ga ma'aikaci, tare da damar duba kyawawan ƙa'idojin ƙwadago na duniya. A shari'ar Aloysius da bankin Diamond ta 2015, kotun ta ce sallamar ma'aikaci ba tare da ingantaccen dalilin da ya shafi aikinsa ko halayyarsa ba rashin adalci ne. Ban ga yadda amsa kiran kotu zai zama ingantaccen dalilin kora a gaban alƙalin da yake bin wannan fahimta ba. Sai dai in gaya maka gaskiya, shari'a a wannan kotu, wadda take da reshe a Kano, tana cin lokaci da kuɗi, kuma abin da aka fi samu a ƙarshe diyya ce, ba komawa bakin aiki ba. Amfaninta gare ka a yanzu shi ne maigida ya san cewa ƙofar a buɗe take.

Abin da zai tsare ka tun kafin a kai can shi ne takarda. Ka je wurin lauyan gwamnati da ke gabatar da ƙarar, ka nemi a ba ka sammaci a rubuce mai ɗauke da ranar zama, domin sau da yawa ɗan sandan da ya binciki lamarin ne kawai yake kiran mai shaida a waya, kuma kiran waya ba abin da za ka ajiye a gaban manaja ba ne. Ka ɗauki hoton sammacin, ka haɗa da 'yar gajeruwar wasiƙa ta neman izini, ka miƙa kwanaki kafin ranar, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Ka roƙi wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafinka, idan kuma ya ƙi, ka tura masa hoton takardun ta WhatsApp domin saƙon ya zama shaida. Bayan an tashi daga zama, ka nemi rajistaran kotu ya ba ka takardar da ke nuna ka halarta, ko da ɗage shari'ar aka yi. Kuma tun da aikin gidan mai na karɓa-karɓa ne, ka sa a cikin wasiƙar cewa a shirye kake ka yi musayar rana da abokin aikinka ko ka rama a ranar hutunka. Wannan tayi yana da nauyi, domin yana nuna ba gudun aiki kake yi ba.

Akwai kuma abin da na lura da shi a wasiƙarka, wanda mai yiwuwa shi ne zai warware rabin matsalar. Ka ce ka je sau shida. A shari'ar laifi, ba kai ne mai ƙara ba, gwamnati ce, kai mai ƙorafi ne kuma shaidarta. Ba kowane zama ne ake bukatarka ba. Ranar karanta tuhuma, ko ranar muhawara kan beli, ko ranar da aka sa don a ambaci shari'ar kawai a tsayar da wata rana, duk ana iya yin su ba ka nan. Ranar da ba makawa sai da kai ita ce ranar da za ka ba da shaida, lauyan wanda ake tuhuma ya yi maka tambayoyi, kuma da zarar alƙali ya sallame ka, zuwanka ya zama ganin dama. Don haka ka karɓi lambar wayar lauyan gwamnatin, ka bayyana masa cewa daga Katsina kake tasowa ta Mashi, tafiyar kusan kilomita 80, kuma aikinka yana cikin haɗari, ka roƙe shi ya shaida wa alƙali wannan domin a tsayar da rana guda a ji shaidarka. Ka riƙa kiransa ana gobe zama don ka tabbatar kotun za ta zauna. Dokar tarayya ta 2015, a sashe na 396, ta ce a riƙa sauraron shari'ar laifi kullum idan an fara, in hakan bai yiwu ba kada kowane ɓangare ya samu ɗagewa fiye da sau biyar, kuma kada tazarar ta wuce ranakun aiki 14. Duk wanda ya saba da harabar kotu ya san aiki da wannan sashe sai a hankali, amma alƙalai ba sa son a ce mai shaida ya zo ya koma ba a saurare shi ba, kuma sukan duba idan an nusar da su.

Kada kuma ka ji kunyar tambayar kuɗin mota. Sashe na 251 na wannan doka ya ce mai shaidar gwamnati yana da haƙƙin a biya shi kuɗin da ya kashe daidai gwargwado, ta hannun rajistara. Ba kasafai kuɗin yake isa hannun wanda bai tambaya ba. Haka nan sashe na 319 ya ba kotu ikon umartar wanda aka samu da laifi ya biya diyya, saboda haka ka adana takardun asibiti da na babur, da lissafin abin da aka yanke maka.

Maganar janyewa kuwa, 'yan'uwanka tausayinka suke ji, amma abin ba a hannunka yake ba. Fashi da makami laifi ne da aka yi wa hukuma, kuma Kwamishinan Shari'a na jiha, a matsayinsa na Antoni Janar, shi ne sashe na 211 na kundin tsarin mulki ya ba ikon dakatar da irin wannan shari'a. Kana iya yafe naka haƙƙin tsakaninka da Allah, wannan daban. Amma idan ka ɗauke ƙafa kawai, ko dai a aiko a kamo ka, ko kuma, wanda ya fi faruwa, a kori ƙarar saboda rashin shaida, a saki mutumin ya koma unguwar da iyayenka suke kwana. Idan manajan ya ci gaba da matsa maka bayan ka miƙa takardu, ka kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Katsina, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, waɗanda ba a biyan ko kwabo kafin su saurare ka, kuma sau da yawa wasiƙar gayyata ɗaya daga gare su takan sa maigida ya sauko.

Tambaya ta biyu, daga Daura

Barista, ni malama ce a wata makarantar firamare ta kuɗi. Tsohon mijina ya biyo ni gidanmu ya doke ni har na kwanta asibiti, kuma an gurfanar da shi. Shugaban makarantar ya ce zuwana kotu yana zubar wa makaranta mutunci a idon iyayen yara, ko in janye ko a dakatar da ni. Yana da wannan iko?

Amsa

Malama, Allah ya ba ki lafiya, ya bi miki haƙƙinki. Matsayinki ya fi na mai tambayar farko ƙarfi, domin a irin lamarinki ne dokar ƙasar nan ta yi magana kai tsaye. Dokar Hana Cin Zarafin Mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta ce a sashe na 38 ba za a kori, ko a sallami, ko a dakatar, ko a hukunta duk wanda ya kai ƙorafin wani laifi a ƙarƙashinta ba saboda ya bi abin da dokar ta tanada, kuma duk wata ƙa'idar wurin aiki ko makaranta da ta hana kai irin wannan ƙorafi rusasshiya ce. Shugaban da ya saɓa, hukuncinsa ɗaurin wata shida ne ko tarar naira 200,000, ko duka biyun. Wannan lafazin dokar tarayya ne, wadda take aiki a Abuja, ita kuwa Jihar Katsina ta samu tata a ƙarshen 2023 lokacin da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya sa mata hannu.

Abu biyu nake so ki tabbatar. Na farko, ki tambayi mai gabatar da ƙara da wace doka aka tuhumi mutumin, domin kāriyar da na ambata tana bin laifukan da ke cikin wannan doka ne, kuma duka irin wanda aka yi miki ana iya shigar da shi a ƙarƙashinta ko a ƙarƙashin dokar Final Kod, wato babbar dokar laifuka ta jihar. Na biyu, ki sa lauya ya fito miki da sashen dokar jihar da ya yi daidai da na 38, ya rubuta wa makarantar wasiƙa da shi. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa sun saba da irin wannan aiki.

Ki kuma sani cewa Dokar Ƙwadago ta taƙaita kanta ga masu aikin ƙarfi da na akawu, ta cire masu aikin ƙwarewa, don haka takardar ɗaukarki aiki ce za ta fi tasiri a kan batun albashi da sanarwa. Amma Kotun Ma'aikata tana sauraron kowane ma'aikaci, kuma tana da ikon aiki da yarjejeniyoyin da Najeriya ta amince da su, ciki har da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi, wadda ƙasar ta amince da ita a 2022, wadda kuma ta nemi a rage wa ma'aikaci raɗaɗin rikicin cikin gida a wurin aikinsa. Filifin tun 2004, Niyu Zilan tun 2019, da Ostiraliya tun 2023 suna ba wanda ya shiga irin halinki hutun kwana goma da albashi. Mu ba mu kai nan ba tukuna. Kada ki rubuta takardar ajiye aiki komai matsin da aka yi miki, kuma idan an dakatar da ke, ki nemi a ba ki a rubuce tare da dalili. Ba dole ba ne ki ba shugaban labarin abin da ya faru tsakaninki da tsohon mijinki. Sammaci da ranar zama sun ishe shi.

Tambaya ta uku, daga Ƙofar Ƙwaya, Katsina

Ina da gidan burodi da yara goma sha biyu. An tare direbana a hanya an ƙwace masa kuɗin ciniki, yanzu ana kiransa shaida. Duk ranar da ya tafi sai na ɗauki wani na biya shi. Dole ne in biya direban nawa shi ma?

Amsa

Alhaji, na ji daɗin da ka tambaya kafin ka yanke. Doka ba ta fito ƙarara ta tilasta maka biyan ranar da bai yi aiki ba, sai idan yarjejeniyarku ta ce haka. Amma ba ka da ikon cin sa tara, ba ka kuma da ikon hana shi tafiya, domin hana mai sammaci zuwa kotu da gangan abu ne da alƙali yake iya ɗauka a matsayin katsalandan ga shari'a. Kana da haƙƙin ka ga sammacin, ka kuma nemi shaidar cewa ya halarta.

Shawarata dai ita ce ka biya shi. Kuɗinka aka ƙwace, a bakin aikinka aka tare shi, kuma shaidar da zai bayar ita ce za ta iya dawo maka da wani abu. Ayar bashi, wato ta 282 a Suratul Baƙara, ta haɗa abu biyu a wuri guda: ta hana masu shaida ƙin zuwa idan an kira su, ta kuma hana a cutar da marubuci ko mai shaida. Ɗora masa asarar yini a kan amsa kiran da ba shi da ikon ƙi yana kusa da wannan cutarwa. Idan nauyin ya yi maka yawa, ku zauna ku daidaita a ɗauki wasu ranakun daga hutunsa na shekara, wanda sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ya sa mafi ƙarancinsa kwana shida na aiki da albashi ga wanda ya cika wata goma sha biyu, amma da yardarsa. Kuma tun da sashe na 7 ya riga ya wajabta maka ba kowane yaronka takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da ɗaukarsa, sai ka ƙara layi biyu a cikinta da za su faɗi kwana nawa za a sanar da kai kafin ranar kotu, da yadda za a yi da kuɗin wannan rana.